Matsin iska na hawa a regiletar nutso mai fistin: a gyara a gida?

Mai Nutso: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, ina yin nutso a Bahar Maliya da tsohuwar regileta (na'urar da ke rage matsin iskar tukunya don a iya shaƙa) ƙirar Scubapro MK10. Idan na buɗe tukunyar iska, allurar gejin matsin tsakiya (matsin iskar da ke zuwa abin baki, wato sashen da ake shaƙa da shi) tana tsayawa a ma'aunin bar 9.5, sai ta riƙa hawa a hankali har abin baki ya fara sakin iska da kansa. Shin rage washar da ke ƙarƙashin sifirin zai magance wannan, ko dole ne in kai wa masu gyara?

Bakanike: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka taɓa washa tukuna, domin aikinta shi ne ɗaga matsin ko saukar da shi, ba ta hana shi hawa. Sashen regileta da ke ɗaure a tukunya yana karɓar iska mai matsin bar 200, ya rage ta zuwa tsakanin 9 da 10, kuma yana yin haka ne ta hanyar danna bakin fistin a kan mazauninsa. Idan allura ba ta tsaya cak ba, to iska tana sulalewa ta nan: ko dai mazaunin ya cinye, ko kuma bakin fistin ya samu tabo. Sauya mazauni abu ne mai sauƙi, amma bakin fistin yana da kaifi kuma ba ya jure bugu, ƙaramin ƙwarzane ya isa ya lalata shi. Shi ya sa ake sa masa hula mai tsini kafin a zura shi ta cikin zoben roba, don kada ya yanke zoben. Sassan ƙarfe kuwa a jiƙa su a ruwan khal da aka sirka, na ɗan lokaci kaɗan, saboda idan suka daɗe rufin da ke kan tagullar zai fara ɓarewa. Ka kuma duba matatar iska. Idan ta yi kore, ruwan gishiri ya shiga ciki.

Tsohon Matuƙi: Malam, bayanin Bakanike daidai ne, sai dai ni ba na ba wanda bai taɓa gani an yi ba shawarar ya fara shi kaɗai. Yawancin kamfanoni ba sa sayar da kayan sauyi sai ga dillalansu, kuma akwai sassan da ake ɗaurewa da sifana mai ma'auni, ba da ƙiyasin hannu ba. Haka kuma idan kana amfani da iska mai yawan oksijin, giris ɗin silikon bai dace ba, sai irin su Christo-Lube, domin maiƙo da oksijin a ƙarƙashin matsi suna iya kama wuta.

Bakanike: Gaskiya ne, yallaɓai. Abin da zan ƙara shi ne, ba a saita abin baki sai matsin tsakiya ya zauna, kuma a danne maɓallin sakin iska yayin juya kusar saitin, in ba haka ba za ta yanke robar mazaunin da ke cikin abin baki. Bayan an haɗa, a danna maɓallin sau da yawa don sabon mazauni ya kwanta, a sake duba geji, sannan a gwada a wurin ninkaya marar zurfi kafin a shiga teku.

Mai Nutso: Na gode ƙwarai. Zan kai ta wurin mai gyara a wannan karon, in roƙe shi ya bar ni in tsaya in ga yadda bakin fistin ɗin yake.