Dan Allah ya ake cewa "wuce kwastan" da Sinanci?

Sabon Matafiyi:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Taimako nake nema wajen waɗanda suka iya Sinanci ko suka saba zuwa Chaina. In Allah ya yarda wata mai zuwa zan je Guangzhou baje kolin nan na Canton da ake yi a watan Afrilu da Oktoba, kuma wannan ne zuwana na farko, to wanda zai tarbe ni a filin jirgi direba ne da mutanen da muke hulɗa da su za su turo, an riga an gaya min ba ya jin komai sai yarensu. Jiya ya turo min saƙo ta WeChat, ga shi nan na kwafo: 过海关以后给我打电话. Manhajar fassara ta ce wai in na wuce kwastan in kira shi, na gane wannan, amma da na ɗauki haruffa ukun farko ɗaya bayan ɗaya na duba a ƙamus sai na ga na farko wucewa, na biyu teku, na uku rufewa, to ni ta sama zan je, ina ruwana da teku kuma me za a rufe? Abin da nake so shi ne a koya min yadda ake furta shi da baki, sannan yadda zan ce masa ban wuce ba tukuna ina kan layi, ko na wuce gani nan fitowa, don ba na so in dogara da waya kaɗai, caji na iya ƙarewa ko intanet ta ƙi. In da hali kuma a faɗa min irin tambayoyin da jami'an suke yi. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ɗalibar Sinanci:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kai ka lafiya. Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, kawai dai ka raba abin da ba a rabawa ne. Kalmomi biyu ne ba uku ba. 过 guò shi ne wucewa ko hayewa, 海关 hǎiguān kuma a haɗe shi ne kwastan. Jimlar kenan guò hǎiguān, a kunnenmu kamar ka ce gwo hai gwan.

Shi wannan 关 guān ɗin gaskiya ne yana nufin rufewa, guān mén rufe ƙofa kenan, amma kuma yana nufin mashiga da ake tsarewa, irin ƙofar da ake ginawa a matsatsin tsaunuka wadda ba ka wucewa sai masu gadi sun duba ka sun duba kayanka. Shi ya sa in ka duba sunayen manyan ƙofofin babbar ganuwar Sin za ka gan shi a ƙarshe, Shanhaiguan a gabas bakin teku, Jiayuguan can yamma. To da fatauci ya koma ta jiragen ruwa sai aka samu mashigar teku, hǎiguān, sunan kuma ya zauna har yau ko ta sama ka zo ko ta ƙasa. Ni wallahi tun ranar da malamarmu ta yi mana wannan bayanin ban sake mantawa da kalmar ba.

Wajen furtawa kuma mu Hausawa Allah ya hutar da mu sosai don harshenmu ma yana da karin sauti, ba kamar abokan karatuna Turawa da suke shan wuya ba. Ka faɗi kai na jiki, wanda ake ɗora hula, ka ji yadda murya take faɗowa daga sama zuwa ƙasa, to haka za ka faɗi gwo. Hai ɗin ka sauke muryarka ƙasa can cikin maƙogwaro. Gwan kuma ka ɗaga sama ka riƙe ta a miƙe kamar in kana nuna mutum ka ce kai ne. Faɗowa, ƙasa, sama. Ka kiyaye abu biyu, kar ka ce kwan da iska a baki don kuān wata kalma ce daban mai nufin faɗi, kuma kar ka sauke muryar gwan ɗin ƙasa don guǎn shi ne wanda yake cikin dàshǐguǎn, ofishin jakadanci.

Na direba ga su nan. Ban wuce ba tukuna, wǒ hái méi guò hǎiguān 我还没过海关. Ina kan layi, wǒ zài páiduì 我在排队, ana furta shi kamar wo dzai fai dwei amma f ɗin nan ka haɗe leɓɓa ka saki da iska. Yanzu na wuce, wǒ gāng guò hǎiguān 我刚过海关. Ka ajiye su a wuri ɗaya a wayarka ka kuma rubuta a takarda.

Tsohon Hannu:

Malama ta gama magana a kan furuci, Allah ya ƙara basira, ni ban yi karatun ba a kasuwa na tsinci ɗan abin da na sani. Amma akwai wani abu da nake so in ja hankalinka a kai ƙanina, don shi ne ya taɓa sa ni da mai tarbata muka yi kusan awa muna neman juna a zuwana na farko. Wurin da ake duba fasfo a buga maka hatimi ba shi ne haiguan ba. Wannan sunansa biānjiǎn 边检, wato jami'an shige da fice, hukumarsu ma daban take. Su ne za ka fara tararwa, su karɓi fasfo, hùzhào 护照, su duba biza, qiānzhèng 签证, su ɗauki hoton yatsunka, in dai shekarunka tsakanin 14 da 70 ne sai an ɗauka. Bayan nan ka je ka ɗauki jakunkunanka a bel, sannan ne za ka zo haiguan, su kaya suke dubawa ba mutum ba. To ni da aka buga min hatimi sai na tura wa mutumin cewa na wuce, shi kuma ya taso ya tsaya a bakin ƙofar fita, ni ko jakata ba ta fito ba, ya jira ya jira har ya ɗauka ta wata ƙofar na bi ya tafi nemana. Su kansu Sinawan a maganar yau da kullum suna cewa guo haiguan su haɗa duka biyun, amma direbanka abin da yake nufi shi ne in ka gama komai jaka na hannunka, don haka kar ka kira shi sai ka ga ƙofar fita da idonka.

A wajen haiguan hanya biyu ce, ja da koriya. Koriyar an rubuta 无申报通道, ta wanda ba shi da abin da zai bayyana, jar kuma 申报通道. Bambancinsu harafi ɗaya ne a farko, 无 wú, ma'anarsa babu. Ni a ganina gane waɗannan haruffan da ido ya fi maka amfani a kan iya faɗarsu, duk da akwai Turanci a ƙarƙashi, don in ka sauka a gajiye bayan doguwar tafiya launi da siffa ido ya fi saurin kamawa.

Kuma tunda baje koli za ka, maganar kuɗi ita ce babba. In kana ɗauke da tsabar kuɗin waje da suka haura dala 5,000 ko kwatankwacinsu, ko kuɗinsu da ya haura yuan 20,000, jar hanya za ka bi ka cike takarda, kuma ka adana kwafin da za su ba ka kamar ranka don in za ka fita da ragowar kuɗin shi za ka nuna. Ba laifi ba ne shiga da kuɗi, ɓoyewar ce take jawo matsala. Sannan nama ko busasshe ne, ɗanyun 'ya'yan itace, madara, ƙwai, irin shuka, duk ba a shiga da su, akwai karnuka masu shinshina jaka kuma ana saka jakunkuna a na'ura. Kalmar bayyanawa ita ce shēnbào 申报. In an tambaye ka kuma ba ka da komai ka ce méiyǒu 没有, mei yo, babu, ya wadatar.

Uwar Biyu:

Sannunku da ƙoƙari. Nidai abin da zan ƙara kaɗan ne, yawanci ba sa ma yi maka magana, ka ɗora jaka a na'ura ka ɗauka ka wuce, amma in an tsayar da kai abu biyu za ka ji, qǐng dǎkāi 请打开 wato dan Allah buɗe, da zhè shì shénme 这是什么 wato mene ne wannan. Ni an taɓa tsayar da ni saboda magungunan mahaifiyata da na rako asibiti, jami'ar ta ɗaga kwalin tana juyawa tana karantawa, na ce mata yào 药, magani, na nuna tsohuwa a keken guragu na miƙa takardar likita, ta duba ta mayar min ta ce mu wuce. Don haka in kana shan wani magani ka bar shi a kwalinsa na asali ka riƙe takardar likita. Sauran amsoshin da za su yi maka amfani, zìjǐ yòng de 自己用的 na amfanin kaina ne, lǐwù 礼物 tsaraba ce, yàngpǐn 样品 samfur ne, wannan na ƙarshen ku 'yan kasuwa za ku fi bukatarsa. In magana ta yi tsawo ka kasa bi kar ka yi ta gyaɗa kai kana cewa eh, ka ce wǒ tīng bu dǒng 我听不懂, ban gane ba, za su nemo mai jin Turanci ko su sa na'urar fassara.

Sabon Matafiyi:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai da gaske, Malama tun ɗazu nake ta maimaita gwo hai gwan da misalin nan naki na kai da kai, na tura wa direban saƙon murya ya maido min da alamar babban yatsa. Yaya Tsohon Hannu wallahi da ba ka faɗa ba da kuskurenka zan maimaita sak, don ni duk a kwastan na ɗauke su. Wata tambayar kuma, a takardun da mutanen suka turo min na ga 报关 da 清关, duk da harafin nan na ƙarshe iri ɗaya, su ma wuce kwastan ɗin ne ko wani abu ne daban? Sannan wani ya ce min a Guangzhou ba ma wannan yaren suke yi ba, to kar in je in yi ta haddar abin da ba za a gane ba.

Tsohon Hannu:

Waɗannan na kaya ne ba na mutum ba. Bàoguān 报关 shi ne shigar da bayanan kaya ga kwastan, me ke cikin kwantena, nawa ne, kuɗinsa nawa, takardar kuma sunanta bàoguāndān 报关单. Qīngguān 清关 shi ne a kammala komai a saki kayan, q ɗin nan kamar c ɗinmu ake faɗarsa, cing gwan. Ba kai za ka yi da kanka ba, wakilin jigilar kaya ne yake yi, su suna ce masa huòdài 货代, kuma in kuna ciniki ka tambaya tun farko ko kuɗin baoguan yana cikin farashin da aka ba ka ko kai za ka biya daban, don nan ne ake yawan samun saɓani bayan an gama magana. In wata rana wakilinka ya rubuto maka 查验 cháyàn to an ware kwantenarka za a buɗe a bincika, sai haƙuri don zai iya sa kaya su rasa jirgin da aka tsara, in kuma ya rubuto 放行 fàngxíng an saki kenan. Kuɗin fito shi ne guānshuì 关税, ka ga guan ɗin ya sake dawowa.

Ɗalibar Sinanci:

Maganar yare kar ta dame ka. Gaskiya ne 'yan asalin Guangzhou suna da nasu, Kantonanci, irin wanda ake yi a Hong Kong, amma wanda na koya maka shi ne pǔtōnghuà, na makaranta da ofisoshin gwamnati, duk wani jami'i a filin jirgi yana jinsa, direbobi da yawa ma daga wasu larduna suka zo neman kuɗi su kansu ba sa jin Kantonancin. Kuma a wannan jimlar ma sun yi kusa, su suna cewa gwo hoi gwaan. Abin da zai bambanta shi ne rubutu in ka leƙa Hong Kong, can tsoffin haruffa suke amfani da su, za ka ga 過海關, na tsakiyan ne kawai bai canza ba. In ka ji mutane suna cewa guòguān 过关 a taƙaice ba hai a tsakiya, a wajen su Shenzhen, garin da ke iyaka da Hong Kong, haye iyaka suke nufi, misali ta mashigar Luohu zuwa Hong Kong, kuma da ita ake cewa mutum ya tsallake jarabawa ko yaro ya haye mataki a wasan waya. Sai dai ka kula, in bizarka ta shiga sau ɗaya ce ka haye Hong Kong to ka fita kenan, ba za ka iya komawa Guangzhou da ita ba, ka duba wajen da aka rubuta 次数 a jikin bizar ka ga ko 01 ne ko 02 ko M, wato sau ɗaya, sau biyu ko sau da yawa, kafin ka biye wa masu cewa a je a dawo da yamma.