"Mai ɗa wawa": zagi ne ko yabo?

Maman Ilham, Zariya: Assalamu alaikum. Jiya da na tashi daga makarantar da nake koyarwa na biya gidan Inna ɗauko yara, sai na tarar tana kunce bakin zani tana ƙirga wa ƙanina dubu biyar daga zubin adashenta. Wannan yaron bai taɓa dawo da rance ba. Da na yi magana sai ta ce, "Ƙyale ni, mai ɗa wawa ne." Matar nan ta kusa shekara 30 tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Da dare ta surfa wake, da asuba a kai markaɗe, kafin ƙarfe shida mai ya yi zafi a kasko. Da wannan kaskon ta yi mana kayan ɗaki mu huɗu. Ni dai maganar ta tsaya mini a rai. Yaya mace irin wannan za ta kira kanta wawa?

Malam na Kurna: Wa alaikumus salam. Malama, ba zagin kanta ta yi ba. Wautar da ake nufi ita ce mutum ya ga asara da idonsa, ya kuma shiga da ƙafarsa. Ta fi ki sanin kuɗin ba za su dawo ba. Shi ya sa maganar ta fi daɗi a bakin uwar da kanta. In wani ne ya faɗa mata, ta zama gori.

Ɗan Damagaram: Malam, ban yarda gaba ɗaya ba. Mu a nan an fi faɗarta idan yaro ya yi ɓarna, uwar ta fito tana rantsuwa ba shi ba ne, alhali unguwa duk ta gani. Zargi ne, ko da an faɗa da dariya. 'Yar uwar "ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa" ce.

Malam na Kurna: A'a, waccan daban. Can ɗan ake tuhuma, don 'ya'yan kuka ake jifan bishiyar. Nan kuwa mai ɗan ake kallo.

Hajiya Babba: Ku maza kuna ta fashin baƙi, ku bari wadda ta sha ta faɗa. Jikoki tara gare ni, biyar a ɗakina aka yaye su. Lokacin da nake haihuwa, ɗan farina ko sunansa ba na kamawa saboda kunya, ko kuka yake ba na ɗaukarsa a gaban surukai. Yanzu ɗansa ya shigo ya ce, "Tsohuwa, ina kuɗin cefanena?" in ce, "Miji ba ya ciyarwa, sai karɓa?" in kuma ɗauko in ba shi. Son da aka hana mu nunawa muna yara, a kan jika yake fitowa. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ina sayar da ƙuli-ƙuli, ciniki ya tsaya cak don ba mai tsabar kuɗi a hannu, amma ɗari biyun da na ɓoye a cikin kwalla ta alawar yaran nan ce. Ko omo ban saya da ita ba.

Sai dai 'yata, zan faɗa miki abin da ba ki tambaya ba. Kin ce kin je ɗauko yara. Wa ya yi musu wanka, wa ya ba su koko, tun safe har la'asar? Ƙaninki dubu biyar ya karɓa. Ke kuwa yini guda kike karɓa kullum.

Maman Ilham, Zariya: Kai, Hajiya, kin kashe bakina. Wallahi na sha cewa zan kai su gidan raino, ta ce in na kai su kada in ƙara taka mata gida.

Ɗan Damagaram: To ka ji, Malam. Ko wannan ma ai ta tabbatar da magana ta: ba a iya gaya musu gaskiya a kan 'ya'ya.

Hajiya Babba: Ba ta tabbatar da komai ba, ɗan nan. Maman Ilham, wata ya ƙare ki zuba mata adashen nan ba tare da kin gaya mata ba, ki kai wa uwar adashe hannu da hannu. In kika ba ta a hannunta, ƙaninki ne zai ci.