Wa ya san inda hubbaren gidan Taimur yake a Alƙahira?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta kundin digirina na biyu a kan marsiyyar (waƙar makoki) da mawaƙiyar Masar A'ishatu Taimuriyya ta yi wa 'yarta Tauhida. Wata mai zuwa zan raka mahaifiyata Masar ganin likitan ido, kwana goma za mu yi. Shekara biyu ke nan ina kwana ina tashi da baitocin matar nan, raina bai yarda in shiga garinta in fito ban tsaya a kushewarta na yi mata addu'a ba. Na karanta cewa maƙabartar gidansu tana kusa da hubbaren Imamu Shafi'i. Ta ina ake bi? Kuma mace za ta iya zuwa ita kaɗai?

Ɗan Azhar:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ba Mama lafiya. Ki fara sauka a dandalin Sayyida A'isha, can ƙasan Ƙal'ar Salahuddini. Daga nan akwai titi mai sunan Imamu Shafi'i, ya miƙe kudu har ƙubbar Imam ɗin. Ƙananan bas na bi, ki ce wa direba "Imam" kawai. Ƙubbar ba ta ɓuya, tun 1211 aka gina ta zamanin Ayyubawa, a samanta akwai wani ɗan kwalekwale na ƙarfe.

Amma ki cire hoton maƙabartarmu ta gida daga ranki. Ƙarafa, wato babbar maƙabartar Alƙahira, gari ce guda, da tituna da lunguna. Kowane gidan masu hali yana da nasa fili da katanga da ƙofar ƙarfe, su suna ce masa "hosh", kuma akwai talakawan da ke zaune a cikin irin waɗannan. Ran da na fara zuwa na ga wata tsohuwa ta shanya wanki a igiya, ƙarshen igiyar ɗaure a jikin dutsen kabarin wani Basha (laƙabin manyan mutane ne a da), ga risho a gefe shayi na tafasa. Na tsaya baki sake, ita ko kallona ba ta yi ba.

Makullan suna hannun masu gadin kaburbura, "turabi" ake kiransu, sana'ar gado ce. Ki tambayi mai shayi ko mai sayar da furanni turabin gidan Taimur Basha, ki riƙe ɗan abin goro a hannu. Kada ki je ranar Juma'a, kasuwa na ci a yankin, cunkoso sai ya kore ki. Ki tafi da safe, kuma da ɗan rakiya. Tun 2020 ake rushe sassan Ƙarafa ana fitar da tituna da gadoji, har kabarin marubuci Ɗaha Husaini an taɓa shafa wa jan fenti da kalmar "izala", wato a rushe, sai da mutane suka yi ca. Saboda haka lungun da wani ya kwatanta miki bara ba lallai ki same shi yadda yake ba.

Tsohon Malami:
'Yata, Allah ya yi albarka. Gini a kan kabari dai kin san maganar malamai a kai, ba zan buɗe wannan babi a nan ba. Ki je ki yi sallama ki yi addu'a. Amma in ni ne ke da kwana goma, rabin wuni zan ba maƙabarta, kwana uku in ba Darul Kutub, babban ɗakin karatu na ƙasar Masar.

Ga dalilina. Ɗauko kowane tsohon littafin Larabci da aka yi wa tahƙiƙi (aka tace shi aka buga) a Masar, ki duba gabatarwa inda mai tahƙiƙi ke lissafa kwafe-kwafen hannun da ya dogara da su. Sau da yawa za ki ci karo da "nuskhar Taimuriyya". Na yi shekaru ina wuce wannan kalma a littattafan mahaifina, ina zaton sunan wata makaranta ce. Ashe taskar mutum ɗaya ce, Ahmad Taimur Basha, ƙanen A'ishar taki. An haife shi 1871, mahaifinsu Isma'il Basha ya rasu yana jariri, ita ta rene shi. Ya gaji gonaki da dukiyar da za ta ishe shi ya miƙe ƙafa har mutuwa, sai ya ƙarar da ita wajen sayen littattafai, wanda bai samu saye ba ya biya a kwafo masa. Ya tara wajen mujalladi 18,000. Bayan rasuwarsa a 1930 'ya'yansa suka miƙa su ga Darul Kutub. Kuma duk Bashancinsa bai raina zancen 'yan kasuwa ba, ya zauna ya tattara karin maganar talakawan Masar fiye da 3,000.

In kin bi ta wajen Babul Ƙarafa, Imamu Suyuɗi ma nan yake kwance, wanda ya rubuto wa Sarkin Katsina wasiƙa. Ki isar masa da sallamarmu.

Maman Tauhida:
Ni sunan nan ne ya tsayar da ni, ta fari tawa ma sunanta ke nan. Baba ya yi maganar Ahmad, amma a tuna wa ya ɗora shi a hanya. Mahaifiyar A'isha ɗinki ta so ta koya, yarinya ta ƙi allura, uban ya ce a bar masa ita, ya ɗauko mata malamai. Ta yi waƙa da Larabci da Turkanci da Farisanci. Da Tauhida ta rasu tana budurwa, shekara bakwai ta yi tana kuka har idonta ya taɓu. Ta rasu 1902. 'Ya'yan Ahmad su suka ci gaba: Muhammad ya rubuta gajeren labarinsa na cikin jirgin ƙasa a 1917, wanda ake lissafawa cikin na farko-farko a Masar, ya rasu 1921 bai cika talatin ba. Mahmud ya yi tsawon rai, ya rasu a Luzan ta Suwizalan a 1973. Ki sa ni a addu'a in kin isa.

Ɗalibar Adabi:
Na gode ƙwarai. Baba, na ji, zan nemi takardar gabatarwa daga sashenmu saboda Darul Kutub. Na karanta wa Mama zancen kukan shekara bakwai, ta ce lallai da ita za a je in an cire mata bandeji. Ƙanina na Azhar, titin nan keken guragu zai iya bi, ko sai mun ɗauki tasi har bakin ƙubba?