Tambaya kan ƙafar da ruwan dusa a masana'antar itanol na masara

Ɗan_Kakuri:
Assalamu alaikum. Mu wata ƙungiya ce ta manoma da 'yan kasuwa a Kaduna, muna nazarin kafa ƙaramar masana'antar da za ta riƙa sarrafa masara zuwa itanol na haɗawa da fetur, tunda manufar gwamnatin tarayya ta 2007 ta amince a haɗa har kashi 10 cikin ɗari, ga masara kuma a Saminaka da Giwa. Abin da ya tsaya mana a lissafi shi ne na'urar ƙafar da ruwan da ke raguwa bayan an tace itanol, domin tana da tsada, kuma tana cin tururi mai yawa. Shin wajibi ce, ko za mu iya tara ruwan a kududdufi rana ta ƙafar da shi?

Injiniya_Barnawa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku fara da sanin yawan ruwan. Tan ɗaya na masara yakan ba da itanol kimanin lita 400, kowace lita kuma takan bar ruwan dusa wajen lita 10 ko fiye. Injin da ke juyawa da sauri zai raba shi gida biyu: dusa mai danshi, da tsinkakken ruwa wanda daskararrun abubuwan da ke cikinsa ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba. Wani ɓangare na wannan ruwa akan mayar da shi wajen kwaɓa sabon gari, sauran kuwa shi ake ƙafewa har ya yi kauri kamar maɗin da masu mazarƙwaila ke dafawa a Maƙarfi, wato daskararrun su kai kashi 30 zuwa 40. Idan aka tashi daga kashi 7 zuwa 35, to a kowane kilo 100 sai an fitar da kilo 80 na ruwa, kuma kowane kilo yana buƙatar zafi mai yawa, kusan 2,260 a ma'aunin makamashi na kilojul, kafin ya zama tururi.

Shi ya sa ba a amfani da tukunya ɗaya. Ana jera uku ko huɗu, tururin da ya tashi daga ta farko shi ke dafa ta biyu, na ta biyu ya dafa ta uku, kuma hakan na yiwuwa ne saboda ana zuƙe iskar da ke cikin na gaba, sai ruwan ya tafasa a zafin da bai kai na baya ba. Norbert Rillieux ne ya ƙirƙiro wannan dabara a Amurka a shekarun 1840 domin masana'antun sukari. Da tukwane uku, kilo ɗaya na tururi zai ƙafe abin da ya kusa kilo uku na ruwa. Akwai wata hanya da ke matsa tururin da kwamfuresa a sake amfani da shi, amma tana son wutar lantarki mai ɗorewa, kun kuwa san halin da ake ciki, don haka ban ba ku shawarar ta ba.

Maganar kududdufi ku bar ta. Ruwan yana da tsami, yana ruɓa cikin kwanaki kaɗan, kuma da damina ta sauka zai malala. Idan ya shiga kogin Kaduna zai cinye iskar da kifi ke shaƙa.

Mai_Kiwo_Shika:
Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara daga ɓangaren masu saye. Wannan kakkauran ruwa ana zuba shi ne a kan dusar a busar da su tare, a sami abincin dabbobi mai furotin kashi 27 zuwa 30, kimanin kilo 300 daga kowane tan na masara. Amma yis ɗin da ke samar da itanol, sukarin da aka fitar daga sitacin masarar kawai yake cinyewa, saboda haka duk gubar fumfuna da ke cikin masarar, irin su afulatoksin, takan ninka kusan sau uku a cikin dusar. Masarar da aka adana da danshi ba za ta hana ku samun itanol ba, amma babu mai gidan gonar kaji da ya san aikinsa da zai karɓi dusarta. Haka nan asid ɗin salfa da ake amfani da shi a masana'anta yana taruwa a kakkauran ruwan, yawansa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwar shanu.

Ɗan_Kakuri:
Mun gode, Injiniya da Malam. Ke nan ba mu da inda za mu rage kuɗi?

Injiniya_Barnawa:
Akwai, amma a wajen busarwa ne. Idan kun sami masu turkar shanu a kusa da za su riƙa kwashe dusar da danshinta kullum, kuna iya jinkirta sayen injin busarwa, muddin kun tuna cewa a zafin watan Maris da Afrilu ba ta jure ajiya. Ita kuwa na'urar ƙafewar, ku sa kuɗin wanke ta cikin lissafi tun yanzu, domin furotin da gishirin kalsiyam suna daskarewa a jikin bututunta su rage shigar zafi, dole a riƙa tsayar da ita ana wanke ta da soda mai zafi sannan da asid. Ku tambayi mai sayar muku ko za a iya wanke tukunya ɗaya yayin da sauran ke aiki.