Dabino yana fure amma 'ya'yan ba ƙwallo, me ke jawo haka?

Abu Sadiq: Salamu alaikum. Bishiyoyin dabino takwas suna fure duk shekara, sai 'ya'yan su fito ƙanana, ba ƙwallo, ba sa nuna da kyau. Taki ne ya gaza?

Manomin Dutse: Wa alaikumus salam, Malam. Ba taki ba ne, barbara ce ba ta samu ba. Dabino namiji daban, mace daban, kuma iska kaɗai ba ta wadatarwa wajen kai garin furen namiji ga na macen. Ka yanko furen namiji da zarar kwansonsa ya tsage, ka shanya a inuwa. Idan na macen ya buɗe, cikin kwana 2 zuwa 4 ka cusa silli 2 ko 3 na furen namijin a tsakiyarsa, kansu ƙasa, ka ɗaure sako-sako. In an makara, furen ba ya karɓar garin.

Hajiya Mai Lambu: Ƙari a kan haka: a yi da hantsi, bayan raɓa ta bushe, don danshi yana lalata garin. In ana barbarar da hannu, namiji ɗaya yana isar mata 40 zuwa 50.

Manomin Dutse: Gaskiya ne, Hajiya. Kuma furen ba ya buɗewa rana ɗaya, sai an riƙa hawa ana dubawa.