Hammurabi ne ya ƙago dokokinsa, ko al'ada ya tarar?

Ɗalibin Shari'a: Assalamu alaikum. Malamai, ina da tambaya game da dokoki 282 da Sarki Hammurabi na Babila, tsohuwar daula a ƙasar Iraki ta yau, ya sa aka sassaƙa a jikin baƙin dutse, wanda aka tono a Susa ta ƙasar Iran a 1901. Shin shi ya ƙago su, ko kuwa abin da jama'a suka gada ne ya tattara ya buga masa hatimin sarauta?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Yawancinsu tarar da su ya yi, domin kusan shekara 300 kafin zamaninsa Sarki Ur-Nammu ya riga ya rubuta nasa a birnin Ur, shi ma a ƙasar Iraki ta yau. Dubi doka ta 2: idan aka zargi mutum da sihiri babu hujja, sai ya je ya faɗa kogi, in ruwa ya ci shi, mai ƙara ya mallaki gidansa, in kuwa ya fito da ransa, a kashe mai ƙarar, shi kuma ya karɓi gidan mamacin. Babu sarkin da zai iya ɗora wa mutane irin wannan hukunci sai in tun kaka da kakanni sun yarda cewa kogi ba ya ƙarya. Haka ma dukiyar aure da kayan da uba ke haɗa wa 'yarsa. Dokar ba ta koya wa kowa bayar da su ba, abin da ta fayyace shi ne wanda zai riƙe su idan aure ya mutu.

Tsohon Magatakarda: Allah ya gafarta Malam, ban ƙi ta taka ba, amma mai riƙe da alƙalami yana da zaɓi. A wajen Ur-Nammu, wanda ya tsiyaye wa wani ido azurfa yake biya. Hammurabi kuwa ya ce ido a maimakon ido tsakanin masu daraja, ya bar wa talaka azurfa, bawa kuma rabin kuɗinsa. Wannan ai gyaran fada ne, ba kwafar al'ada kawai ba.

Almajirin Fiƙihu: Ni abin da zancenku ya tuna mini shi ne diyya. Larabawa sun san raƙuma 100 a matsayin diyyar rai tun zamanin jahiliyya, sun kuma san dangin uba ne ke haɗa su. Musulunci ya tabbatar da hakan a kisan kuskure, ya soke fifita jinin wata ƙabila a kan na wata. Daga baya Sayyidina Umar ya ƙiyasta wa mutanen birni dinari 1,000 ko dirhami 12,000, tun da ba kowa ke kiwon raƙumi ba.