Muhawara: wai faɗuwar farashin mai ba ta taɓa Aramco?

Malam Sani: Ni dai ina nan kan bakana. Ko ganga ta faɗo dala 30, kamfanin Aramco na Saudiyya ba zai ji a jikinsa ba. Takardun da ya fitar a 2019 gabanin sayar da hannun jari sun nuna fito da ganga ɗaya ba ya cin dala 3.

Injiniya Hadiza: Malam, wannan kuɗin rijiyar da aka riga aka haƙa ne. Sababbin rijiyoyi da bututu suna cin kusan wata dala 5 a kan kowace ganga. Kuma Ghawar, babban filin man kamfanin, tun 1951 ake ɗibarsa. Don kada ƙarfin da ke ingizo man ya mutu, sai a ɗebi ruwan teku a Qurayyah da ke gaɓar gabashin Saudiyya, a tace, a cire masa iskar oksijin gudun tsatsa, a ɗura shi ƙarƙashin ƙasa ta gefen filin. In ruwan ya bi tsagar dutse ya riga man isa rijiya, gauraye za ka zuƙo, ga wahalar rabawa.

Malam Sani: Haɗa duka, Hajiya, ko dala 10 ba mu kai ba.

Alhaji Bashir: Ku bar rijiya, ku dubi mai kamfanin. A 2020 ribar Aramco ta faɗo zuwa dala biliyan 49, alhali ya yi alƙawarin raba wa masu hannun jari biliyan 75, mafi yawa na gwamnati. Sai da ya ci bashi. A 2022 ya samu biliyan 161. Wannan ne bai ji a jikinsa ba?

Malam Sani: Riba ce ta ragu, Alhaji, asara fa? Ai kason da gwamnati ke cira daga kuɗin kowace ganga bin farashi yake: kashi 15 cikin 100 har zuwa dala 70, kashi 45 a kan abin da ya ɗara haka, kashi 80 a kan abin da ya haura dala 100. Farashi na faɗuwa, baitulmali ne ke fara shan duka.

Injiniya Hadiza: Shi kuma baitulmalin sai ya sa a rage haƙowa ta hanyar OPEC+, ƙawancen ƙasashe masu arzikin mai da ke tsara yawan man da kowacce za ta haƙo. Kamfanin na iya fitar da ganga miliyan 12 a rana, amma a 2024 wajen miliyan 9 yake fitarwa. Rijiyoyin da aka rufe ba sa kawo ko sisi, ga shi dole a ci gaba da duba famfunansu da bututunsu.